Ba Ganau Ba, Ba Jiyau Ba: Mawaƙan Ailan da Yaƙe-yaƙen da Allo Ya Kawo Musu

(Kiɗan buɗe shiri)

 Tafiyar yau da nisa. Za mu leƙa Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, mu ji yadda marubuta waƙa na can suka yi da yaƙe-yaƙen da majigi da jarida da talabijin suka kawo musu har cikin ɗaka.

Bahaushe ya kasa masu ba da labari gida biyu: akwai ganau, akwai jiyau. Zamani ya haifo na uku. Shi ne mutumin da yana zaune a falonsa, ya gama cin tuwon dare, sai ya ga gawar yaro a allo. Da idonsa ya gani, saboda haka ba a ce masa jiyau. Amma ƙurar wurin ba ta taɓa shi ba, harsashi bai bi ta kansa ba, ko ruwa ba shi da ikon miƙa wa wanda ke kwance, saboda haka kiransa ganau ma akwai nauyi a baki. Yawancinmu yau a wannan layi muke tsaye, da waya a hannu. Mawaƙan da za mu ji labarinsu sun riga mu shiga layin da shekaru masu yawa, kuma sun yi ta kokawa da tambaya guda: wanda ya kalli mutuwa daga nesa, me ke wuyansa?

Kafin mu shiga, mu san harshen. Mutanen Ailan yawancinsu da Turanci suke magana, amma suna da harshensu na gado, Gelik, wanda ba ya kama da Turanci ko kaɗan, kuma an fi shekara dubu ana rubuta waƙa da shi. Mulkin Ingila ya danne shi, yunwar da ta faro a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan ɗaya zuwa ƙetare, kuma talakawa masu Gelik ne suka fi shan wuyarta. A ƙidayar 2022, kusan mutum miliyan 1.9 a Jamhuriyar Ailan suka ce suna iya harshen, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne kacal. Ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta fi su yawa. Da wannan ɗan harshe aka rubuta waƙoƙin da za mu tattauna.

Tushen abin shi ne marsiyya. A tsohuwar al'adar Ailan, idan an yi mutuwa mata ne ke tsayawa a kan gawa su rera waƙar makoki, suna kiran mamacin da suna, suna lissafa halayensa, suna tsine wa wanda ya yi sanadinsa. Mafi shahara a cikin irin waɗannan ita ce wadda Eibhlín Dubh Ní Chonaill ta yi wa mijinta Art Ó Laoghaire a 1773. A lokacin akwai dokar da ta ce in ɗan Katolika yana da doki, ɗan Furotesta na iya tilasta masa sayarwa a kan fam biyar. Wani mai riƙe da muƙami a yankin Kok, Abraham Morris, ya nemi goɗiyar Art a kan wannan kuɗi, Art ya ƙi, gaba ta yi tsanani, aka ayyana shi a matsayin ɗan tawaye, sojoji suka harbe shi ran 4 ga Mayu. Goɗiyar ce ta dawo gida da jini a jikinta, matar ta hau ta, ta je ta iske gawar. Waƙar da ta yi, mata ne suka riƙe ta da ka shekara da shekaru kafin a rubuta. Ku lura da matsayin wannan mawaƙiya: hannunta ya taɓa jinin. Duk mawaƙin Gelik da ya zo bayanta ya san da wannan ma'auni za a auna shi.

Haɗuwar farko mai ƙarfi tsakanin waƙar Gelik da majigi ta zo ne ta kan Pádraig Pearse, malamin makaranta kuma mawaƙi, ɗaya daga cikin jagororin boren Ista na 1916. Ran Litinin 24 ga Afrilu suka kame babban gidan waya na Dablin suka shelanta jamhuriya. Kwana shida aka yi, suka miƙa wuya, Ingila ta harbe Pearse ran 3 ga Mayu. Shekaru kaɗan kafin nan ya rubuta wata gajeriyar waƙa mai suna Mise Éire, inda ƙasar take magana da bakin wata tsohuwa, tana alfahari da jarumin da ta haifa, tana jin kunyar 'ya'yan da suka ci amanarta.

A 1959 ƙungiyar Gael Linn, mai fafutukar raya harshen, ta fitar da fim da wannan suna. Shi ne dogon fim na farko da aka yi da Gelik. Daraktan, George Morrison, bai ɗauki 'yan wasa ba. Ya bi ma'ajiyoyi a Ailan da ƙetare yana tsinto tsofaffin faya-fayan majigin labarai da hotuna da shafukan jaridu, da yawansu sun fara ruɓewa, ya jera su tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zaɓen 1918. Seán Ó Riada ya ɗora kiɗa, ya ɗauki tsofaffin karin waƙoƙin gargajiya ya ba babbar ƙungiyar makaɗa. Mutane suka cika silima, kiɗan kuma har gobe ɗan Ailan na jin sa ya gane.

Aiki ne babba, kuma ba don Morrison ba da hotuna da yawa sun salwanta. Amma ina da ja a kansa. A boren nan mutum kusan 485 suka mutu, fiye da rabinsu fararen hula ne, har da yara 40. Idan ka ɗora kiɗa mai tsuma rai a kan hoton rusasshen titi, mai kallo yakan fita da ƙirji a buɗe, ya manta akwai waɗanda ginin ya danne. Shekara biyu bayan haka, a 1961, Morrison da Ó Riada suka fitar da na biyu, Saoirse?, wato 'yanci, amma da alamar tambaya a gaba. Wannan ya kai labarin har farkon yaƙin basasa na 1922, lokacin da abokan gwagwarmayar jiya suka juya wa juna bindiga a kan yarjejeniyar da aka ƙulla da Ingila. Bai samu karɓuwa irin ta na farko ba. Waɗanda suka yi wancan yaƙi suna raye a lokacin, wasunsu ma su ke mulki, kuma ba kowa ke son a tono masa abin da ya binne ba.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo wurin da labarin ya yi armashi, wato yaƙin duniya na biyu, yaƙin da aka hana mutanen Ailan gani.

Gwamnatin Éamon de Valera ta tsaya 'yar ba-ruwanmu daga 1939 zuwa 1945, kuma ta tsare wannan matsayi da almakashi. Hukumar tace labarai tana bin jaridu layi-layi. Majigin labaran da ake nunawa kafin fim, an yanke duk abin da ya shafi fagen daga. A 1943 an hana nuna fim ɗin Casablanca don kada a ɓata wa wani ɓangare, sai bayan an gama yaƙi aka sake shi. Ku kwatanta da nan gida: a waɗannan shekaru Gaskiya Ta Fi Kwabo tana buga labarin yaƙi, motocin majigi na Turawan mulki suna zagaya garuruwa suna nuna nasarorin Ingila, 'ya'yanmu suna daji a ƙasar Bama. Farfaganda ce, ba shakka, amma mutumin Zariya ya fi mutumin Dablin ganin hoton wannan yaƙi. Duk da haka yaƙin bai bar Dablin ba, domin a ƙarshen Mayun 1941 bama-baman jirgin Jamus sun faɗa wata unguwa a arewacin birnin, suka kashe aƙalla mutum 28.

To, mawaƙin da aka rufe wa ido, me zai rubuta? Máirtín Ó Direáin, ɗan tsibirin Aran da ya zo Dablin aikin gwamnati, ya rubuta wata 'yar waƙa a Kirsimetin 1942. Babu bindiga a ciki, babu sunan wata ƙasa. A matsayinsa na ɗan Katolika, gayyata ya aika wa Nana Maryam da jaririnta: tun da ƙiyayya ta sa an rufe ƙofofi a ko'ina, su zo tsibirinsu na talakawa, za a kunna musu kyandir a hura wuta. Wanda ya san abin da ake yi wa 'yan gudun hijira a Turai a wannan shekara zai gane inda waƙar ta dosa. Zai kuma ji ɗaci, domin ita kanta Ailan 'yan gudun hijira kaɗan ƙwarai ta buɗe wa ƙofa. Mawaƙi ya yi gayyatar da gwamnatinsa ba ta yi ba.

Da aka ɗage takunkumin a Mayun 1945, hotunan sansanonin Nazi irin su Belsen suka iso silima a Dablin. Mutanen da aka shekara shida ana kare musu ido suka ga tarin gawarwaki a zama ɗaya. Wasu suka ce ƙarya ce, shirin Ingila ne. Wannan ma darasi ne a kan tace labarai: idan aka daɗe ana ɓoye wa mutum gaskiya, ranar da ta bayyana sai ya ƙi ta.

Wata uku bayan haka aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ran Litinin 6 ga Agusta. Kafin shekara ta ƙare kimanin mutum 140,000 sun mutu. Amma me duniya ta gani? Hoton hayaƙi mai siffar lema, wanda aka ɗauka daga sama, daga ɓangaren waɗanda suka jefa. Babu fuskar mutum ko ɗaya a ciki. Masu ɗaukar fim na Japan sun shiga garin sun ɗauki ƙonannun mutane, amma hukumomin mamaya na Amurka suka ƙwace faya-fayan suka kulle. Sai a 1952, bayan mamaya ta ƙare, wata mujallar Japan ta buga hotunan waɗanda suka ƙone, fim ɗin kuwa sai wajen 1970 jama'a suka fara ganinsa.

Eoghan Ó Tuairisc, ɗan garin Ballinasloe, hafsa ne a rundunar sojan Ailan a shekarun yaƙin, wato sojan da ya sa kaki ya yi atisaye amma ƙasarsa ba ta shiga daga ba. Sai a 1964, shekara 19 bayan bam ɗin, ya fitar da doguwar waƙarsa Aifreann na Marbh a cikin littafinsa Lux Aeterna, ya sadaukar da ita ga matattun Hiroshima. Ya gina ta a kan tsarin addu'ar jana'iza ta cocin Katolika, sashe bayan sashe. Abin mamaki, bai kai mu Japan ba. A titunan Dablin ya bar mu, muna bin sa a gefen kogi da gine-ginen tarihi a wannan rana, har garin da ba a taɓa ba ya fara rikiɗa ya zama garin da aka ƙona. Kuma da ya zo neman gafara, bai ce a gafarta musu ba. Da bakin jam'i ya roƙa, ya sa kansa da mutanensa da dukan wayewar Turai, da kwaɗayinta na ilimin kimiyya marar linzami, a cikin masu laifi.

A ganina wannan ita ce waƙa mafi nauyi a cikin duk waɗanda za mu ambata yau. Ƙasarsa ba ta jefa bam ba, shi bai harbi kowa ba, yana da damar ya wanke hannu ya nuna Amurka da yatsa. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce makarantun da suka koyar da shi, da littattafan da ya taso yana ƙauna, daga rijiya ɗaya suka sha da masanan da suka ƙera bam ɗin. Hoton hayaƙin ya tsayar da mai kallo a sama tare da matuƙin jirgi. Waƙar ta sauko da shi ƙasa.

(Gajeren kiɗa)

A daren ƙarshe na 1961 aka buɗe gidan talabijin na ƙasar Ailan, kuma daga nan yaƙi ya daina jiran mutum ya sayi tikitin silima. Biyetnam ta shigo falo. Yaƙin basasar Nijeriya ma ya shigo, ta hanyar limaman mishan 'yan Ailan da ke gabas, waɗanda suka riƙa fitar da hotunan yara masu tamowa. Waɗannan hotuna ne suka haifar da ƙungiyar agaji ta Concern a Dablin a 1968. Ɓangare ɗaya na labarin suka nuna, kuma dattawanmu da suka ga wancan zamani suna da abin faɗa a kai, amma sun tabbatar da cewa hoto na iya sa mutanen wani tsibiri mai nisa su kwance bakin aljihu.

A wannan zamani ne Caitlín Maude ta taso. 'Yar Casla ce a yankin Connemara, inda Gelik ne harshen gida. Mawaƙiya ce mai murya, 'yar wasan kwaikwayo, kuma tana cikin matasan da suka tayar da ƙura a ƙarshen shekarun 1960 suna neman haƙƙin masu Gelik. Wannan gwagwarmaya ce ta kafa rediyon bayan fage a 1970, har gwamnati ta buɗe Raidió na Gaeltachta a 1972, a garin nata na Casla. Mu ma'aikatan rediyo da harshen gida, labarin nan yana taɓa mu.

Waƙarta a kan Biyetnam waƙar soyayya ce. Ta ba wasu masoya biyu baki, suna tsakiyar ɓarna, ana zarginsu da rashin kunya don sun zaɓi junansu maimakon su tsaya kallon kisa. Ku duba abin da ta yi. Kyamara kan nuna mutumin Biyetnam a hali biyu kawai, ko yana gudu ko yana kwance. Maude ta ba shi abin da labaran ƙarfe tara ba su taɓa ba shi ba: sha'awa, taurin kai, da ikon ya ce ba zai zama abin kallo ba. Ta rasu a Yunin 1982 tana da shekara 41. Ó Tuairisc ya bi ta a Agusta. A wannan Yunin ne kuma sojojin Isra'ila suka kutsa Labanon.

Nan za mu ɗan daɗe.

A ƙarshen Agustan 1982 mayaƙan Falasɗinawa suka fice daga Beirut bisa yarjejeniya, suka bar iyalansu a sansanoni. Ran 14 ga Satumba aka kashe zaɓaɓɓen shugaban Labanon, Bashir Gemayel. Daga 16 zuwa 18 ga wata, mayaƙan sa-kai na jam'iyyarsa ta Falanj suka shiga unguwar Sabra da sansanin Shatila suna kashe mutane, sojojin Isra'ila kuma suna kewaye da wurin. Har yau ana jayayya a kan adadin, daga ɗaruruwa zuwa fiye da dubu uku, mata da yara da tsofaffi. Kwamitin binciken da Isra'ila ta kafa da kanta ya ɗora wa ministan tsaro Ariel Sharon alhaki a 1983. Wani kwamiti na ƙasa da ƙasa kuma, ɗan Ailan ne ya shugabance shi, Seán MacBride, wanda Ingila ta harbe mahaifinsa bayan boren 1916. Labanon ba baƙuwa ba ce ga mutanen Ailan, domin tun 1978 sojojinsu suna kudancin ƙasar a rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kafaɗa da kafaɗa da bataliyar sojan Nijeriya.

Ran 18 ga wata 'yan jarida suka shiga sansanin, da dare hotunan suka zagaya duniya. Cikin masu kallo a Ailan akwai Michael Davitt, ɗan birnin Kok, wanda ya kafa mujallar waƙa ta Innti a 1970 yana ɗalibin jami'a. Shi da abokansa ne suka fitar da waƙar Gelik daga ƙauye da gona suka shigo da ita titi, da mota, da kiɗan zamani. Daga baya ma ya yi aiki a gidan talabijin na ƙasa.

Waƙar da ya rubuta gajeriya ce ƙwarai, sunanta Ó Mo Bheirt Phailistíneach. Wani uba ne ya leƙa ɗakin 'ya'yansa biyu da dare. Yara ne suna barci yadda yara ke barci, a wargaje, mayafi ya zame. Amma idon uban bai gama fita daga talabijin ba, sai ya gan su da raunukan yaran Shatila, ya kira su Falasɗinawansa. Kuma a ƙarshe ya ambaci na'urar ɗumama gidan, wato jin daɗin da yake ciki.

Akwai masu suka, kuma sukar tana da ƙafa. Suna cewa: sai ka mai da ɗan wani ya zama ɗanka kafin ka ji zafin mutuwarsa? Yaran Shatila suna da sunayensu, suna da iyayensu, 'ya'yan mawaƙi kuwa za su tashi da safe su sha madara. Wane hakki yake da shi ya ari mutuwar wasu ya yi ado da ita?

Na yarda tambayar tana nan, amma ina ganin Davitt ya riga masu sukar zuwa wurin. Ambaton na'urar ɗumama gida shi ne ya tona kansa: ya faɗa mana sarai cewa yana cikin rufin asiri, kuma ya san da haka. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. A saman waƙar, kafin baiti na farko, ya rubuta kwanan wata, ya kuma bayyana cewa bayan kallon rahoton talabijin ya yi ta. Kamar mai ruwaya ne da ba ya fara magana sai ya faɗi daga bakin wa ya karɓo. Bai yi da'awar ya je Beirut ba, bai sa wa kansa rigar wanda aka zalunta ba. Ya ce ga inda nake tsaye, ga ranar, ga tagar da na leƙa. A kan wannan gaskiyar waƙar ta tsaya, shi ya sa bayan fiye da shekara 40 ba ta tsufa ba, alhali rahoton da ya haife ta an daɗe da mantawa da shi.

Jama'a, ku auna wannan da abin da ke shigowa wayoyinmu. Bidiyon gawarwaki ya zo a WhatsApp, babu kwanan wata, babu sunan gari, babu wanda ya ce shi ya ɗauka, sai rubutu a ƙasa cewa a tura wa kowa. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda aka ɗauko hotuna daga wasu wurare aka yaɗa a Facebook da sunan rikicin Filato, 'yan sandan jihar kuma suka ce hotunan sun ƙara rura wutar. Rayuka sun tafi a kan hoton da babu wanda ya tambayi asalinsa. Ko da hoton gaskiya ne, wannan da ke kwance ɗan wani ne, kuma watakila mahaifiyarsa tana cikin zauren da ka tura. Davitt ya ga hoto ɗaya, ya kashe akwatin, ya tafi ya duba 'ya'yansa, ya zauna da abin har ya zama magana. Mu kan ga ashirin kafin la'asar.

(Gajeren kiɗa)

Ta ƙarshe a shirinmu ita ce Nuala Ní Dhomhnaill, abokiyar tafiyar Davitt tun zamanin Innti, wadda da yawa ke ɗauka ita ce babbar mawaƙiyar Gelik ta wannan zamani. A Ingila aka haife ta a 1952, ta girma a yankin Keri, ta kuma yi shekaru a Holan da Turkiyya. Waƙarta mai suna Dubh, wato baƙi, ita ma tana ɗauke da kwanan wata a goshi: faɗuwar Srebrenica, 11 ga Yulin 1995.

Srebrenica gari ne a gabashin Bosniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira tun 1993, sojojin Holan na gadinsa. Sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić suka shige shi. A kwanakin da suka biyo baya aka ware maza da samari Musulmi, aka kashe fiye da 8,000. Abin da kyamara ta nuna a lokacin shi ne Mladić da dakarunsa suna raba wa yara alewa, suna lallashin mata cewa babu abin da zai sami kowa. Da gangan aka kira masu ɗaukar hoto. Kisan kuwa a bayan kyamara aka yi shi, a rumbuna da makarantu da filaye. Sai ran 10 ga Agusta jakadiyar Amurka Madeleine Albright ta nuna wa Kwamitin Sulhu hotunan da aka ɗauka daga sama, na ƙasar da aka tona aka mayar.

Ní Dhomhnaill ba ta siffanta gawa ko ɗaya ba. Kalma ɗaya ta riƙe, ta bi duniyar da ke kewaye da ita tana shafa wa kowane abu baƙi: sama da teku, itatuwa, motoci, shaguna, har ta iso kan mutane, ba ta ware Katolika ko Furotesta ba, ba ta ware Sabiyawa ko Kuroshiyawa ba. Maimaitawar tana da gajiyarwa, kuma da niyya ne. Ita ce maimaitawar matan nan masu marsiyya a kan gawa, sai dai a nan babu gawar da za a tsaya a kai. Sanya Katolika da Furotesta a jerin ma ba ado ba ne. Tana rubutu ne daga tsibirin da rikicin arewacinsa ya ci rayuka fiye da 3,500, kuma a 1995 tsagaita wutar da aka samu ba ta cika shekara ba. Ta san maƙwabci na iya yi wa maƙwabci haka. Mawaƙi Paul Muldoon ya mai da waƙar Turanci, ta haka ta fita duniya.

Kada mu tashi ba mu ba kyamara haƙƙinta ba, domin a Srebrenica ɗin nan ta yi aikin da waƙa ba ta iya yi. Wasu mayaƙan Sabiya da ake kira Kunamu sun ɗauki kansu a bidiyo suna harbe fursunoni shida daga cikin mutanen garin. Faifan ya yi shekara goma yana yawo a ɓoye, har wata mai kare haƙƙin ɗan Adam a Belgired, Nataša Kandić, ta samo shi. Ran 1 ga Yunin 2005 aka nuna shi a kotun Heg, a shari'ar tsohon shugaban Sabiya Slobodan Milošević, gidajen talabijin na Sabiya da Bosniya suka ɗauka. Wata uwa a Bosniya tana kallon labaran dare ta gane ɗanta a cikin shidan. Mutane da yawa a Sabiya da suka shekara goma suna musun abin da ya faru suka ga fuskokin masu harbin, da kakinsu, da muryoyinsu. Cikin 'yan kwanaki aka kama wasu daga cikinsu, a 2007 kuma kotu a Belgired ta ɗaure huɗu, biyu daga ciki shekara 20 kowanne.

  

(Kiɗan rufe shiri)